FASHIN BAƘI: Fitila a kan kwale-kwale: Yadda ake haɗa wayarta, abin da doka ta ce, da wanda alhakin ya rataya a wuyansa

Duk shekara, daga watan Agusta zuwa ƙarshen Satumba, rafuka da kogunan kudancin Jihar Jigawa kan cika su batse. Mashigin da yara ke tsallakewa da ƙafa a lokacin rani sai ya koma ruwa mai ƙarfi, wanda ba a ƙetare shi sai da kwale-kwale. Kogin da ke ratsa ƙasar Gwaram na cikin tsarin kogunan Bunga da Jama'are, masu tasowa daga tsaunukan Jos, don haka ruwan da aka yi a can nesa yana iya isowa ko da sama ba ta yi hadari a nan ba. A ƙauyukan Gwaram da na Birnin Kudu, manomin da gonarsa ke tsallake, da ɗan kasuwar da ya ci kasuwar Sara, da iyalin da suka ɗauko mai naƙuda za su kai ta Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, kowannensu yana iya samun kansa a bakin ruwa bayan rana ta faɗi.

Gada ma ba kullum take zama mafita ba. A watan Agustan 2021 mutum 21 suka rasu lokacin da motoci suka auka cikin wata gada da ambaliya ta karya a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka. Duk inda gada ta karye kuwa, jama'a kan koma wa masu fito.

Dokar tarayya ta hana tafiyar dare a kan ruwa. Ana yin ta duk da haka, kuma galibi a cikin duhu, babu fitilar da za ta nuna jirgin ga wani jirgi ko ga mutanen gaɓa. Wannan bayani ya duba yadda ake haɗa fitila da sauran kayan lantarki a jikin jirgin ruwa, tun daga ɗan ƙaramin jirgin da ake sarrafawa da rimot, wanda ɗalibi zai iya ƙerawa a ɗakin gwaji, har zuwa kwale-kwalen katako mai ɗaukar mutane, domin ka'idar duka guda ce.

Me doka ta ce?

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Cikin Gida, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 kuma hedikwatarta ke Lokoja, ita ce ke da alhakin tsara sufuri a kogunan Nijeriya. Ka'idojin sufurin ruwa na 2023 sun wajabta sanya rigar kariya daga nutsewa, sun hana lodin da ya wuce kima, kuma hukumar ta hana zirga-zirga daga ƙarfe 6 na yamma zuwa ƙarfe 6 na safe. Tun watan Agustan 2023 hukumar na ƙarƙashin sabuwar Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, wadda aka naɗa Adegboyega Oyetola ya jagoranta. A watan Janairun 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar da ta taso daga Legas, cewa ikon tsara hanyoyin ruwa na cikin gida na Gwamnatin Tarayya ne.

Dalilin haramcin a bayyane yake ga wanda ya bibiyi manyan haɗurran shekarun nan. Jirgin da ya kife a yankin Patigi na Jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda fiye da mutum 100 suka rasu a hanyarsu ta dawowa daga biki, cikin dare ya kife. Haka shi ma wanda ya ɗauko kimanin mutum 300 zuwa Mauludi a Gbajibo, a Ƙaramar Hukumar Mokwa ta Jihar Neja, ranar 1 ga Oktoban 2024.

Sai dai doka a takarda daban, bakin mashigi daban. A damina, ƙarfe 6 na yamma rana ba ta ma faɗi ba a Jigawa, kuma lokacin ne manoma ke tasowa daga gona, kasuwa ke watsewa. Ciwo da naƙuda kuwa ba sa duba agogo. Saboda haka, ko da an bi doka sau da ƙafa, akwai jirgin da Magariba za ta riska a tsakiyar ruwa, akwai wanda hadari zai rufe wa sama da La'asar, akwai kuma jirgin ceto da tilas ya fita cikin dare neman waɗanda suka nutse. Waɗannan su ne ke buƙatar fitila.

Ma'anar ja, kore da fari

Fitilun jirgin ruwa magana ce da matuƙa ke yi da juna daga nesa. Tsarin da duniya ke bi yana cikin yarjejeniyar kauce wa karo a teku ta 1972, wadda Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya mai mazauni a Landan ta samar, ta kuma fara aiki a 1977. An yi ta ne domin teku da ruwayen da jiragen teku ke shiga, amma ƙasashe da dama sun ɗauki launukanta zuwa kogunansu.

Ja na gefen hagu, kore na gefen dama, fari na baya. Ja da kore kowannensu yana haska kwanar digiri 112.5, daga daidai goshin jirgi zuwa ɗan bayan kafaɗarsa, farar ta baya kuma digiri 135. Idan aka tara su za a samu digiri 360, wato ta ko'ina mutum ya ɓullo wa jirgin zai ga launin da zai gaya masa ɓangaren da yake kallo. Wanda ya hango ja da kore a tare, jirgin kansa ya nufo kai tsaye, kuma ka'ida ita ce jirage masu inji kowa ya karkata damansa. Wanda ya ga ja kaɗai tana giftawa ta gabansa daga dama, shi zai ba da hanya.

Yarjejeniyar ta yi wa ƙananan jirage sauƙi. Mai inji da bai kai mita 12 ba yana iya wadatuwa da farar fitila guda a kan sanda, mai haska kowane ɓangare, tare da ja da kore. Wanda bai kai mita 7 ba, kuma ba ya gudu sosai, farar kaɗai ta isar masa. Jirgin da ake tuƙawa da filafili kuwa, abin da aka nema a wurinsa shi ne tocila ko fitilar hannu mai farin haske, a ajiye a kusa, a ɗaga ta kafin a yi karo. Mafi yawan kwale-kwalen Gwaram da Birnin Kudu a waɗannan rukunai suke. Ke nan abin da ake magana a kai bai fi ƙarfin mai fito ba.

Me ya kawo jirgin wasa cikin zancen?

A 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a wani ɗan jirgin ruwa mai tsawon kimanin ƙafa huɗu a dandalin Madison Square Garden da ke birnin New York na Amurka. Yana tsaye daga gefe yana juya shi, yana kunna fitilunsa yana kashewa, ba tare da wata waya ta haɗa su ba. Wannan na cikin na'urorin farko da aka sarrafa da igiyar rediyo. Jiragen sama marasa matuƙa da ake magana a kansu yau zuriyarsa ce.

Ɗan jirgin rimot na zamani yana da sassa biyar: batir, na'urar karɓar saƙo, wadda galibi ke aiki a kan zangon gigahaz 2.4, na'urar daidaita gudu, mai sarrafa wutar da ke zuwa ga injin farfela, ƙaramin injin da ke juya akalar jirgin, sai fitilu da sauran ƙari irin su ƙaho da famfon kwashe ruwa. Duk matsalar da mai kwale-kwale zai gamu da ita wajen wuta, ɗalibi zai fara gamuwa da ita a wannan ɗan jirgi, a cikin baho ko kududdufi, inda kuskure ba ya cin rai.

Darasi na farko shi ne na ƙwan LED. Wannan ƙwai yana da ƙafa biyu, doguwar ita ce ta ɓangaren tarawa (+), gajeriyar ta ɓangaren ɗebewa (-), kuma idan aka juya su ba ya kamawa. Jan ƙwai na buƙatar kimanin bolt 2, fari da kore mai haske kimanin bolt 3, kuma ƙaramin ƙwai ba ya son wutar da ta wuce amfiya 0.02. Shi ba ya iya taƙaita wa kansa wuta: idan aka jona shi kai tsaye da batir mai bolt 12, nan take zai ƙone. Abin da ke kare shi shi ne rasista, ɗan abin nan mai zane-zanen launi da ake gani a cikin rediyo, wanda aikinsa rage kwararar wuta.

Lissafin girmanta ba shi da wuya. A cire abin da ƙwan ke buƙata daga ƙarfin batir, a raba saura da yawan wutar da ake so. Na'urar karɓar saƙo kan ba da bolt 5. Farin ƙwai zai ci 3, saura 2, a raba da 0.02, an samu om 100. Jan ƙwai zai ci 2, saura 3, ke nan om 150. A kan batir mai bolt 12, farin ƙwai zai bar 9, wato om 450, sai a sayi ta 470, wadda ita ce mafi kusa a cikin waɗanda ake sayarwa.

Darasi na biyu shi ne bambancin jeri biyu. Ana iya jera ƙwayaye ɗaya bayan ɗaya a kan layi guda, kamar ɗiyan carbi: farare uku za su ci bolt 9 cikin 12, rasista guda ta om 150 ta riƙe sauran. Haka ake ƙera zaren fitilar ado da ake mannawa a shaguna, shi ya sa ake yanka shi bayan kowane ƙwai uku. Aibin wannan jeri shi ne idan ɗaya ya mutu sauran ma sun mutu. Ɗaya hanyar ita ce kowane ƙwai ya samu reshensa daga batir, da rasistarsa. Fitilun nuna alƙibla wannan hanya ta biyu suke bi, domin mutuwar ja kada ta tafi da kore. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne haɗa ja da fari a kan rasista guda: jan, da yake ƙarfin da yake buƙata bai kai na farin ba, sai ya janye wutar, farin ya dushe ko ya ƙi kamawa.

Darasi na uku shi ne kada a ɗora wa ƙaramar hanya babban kaya. Na'urar karɓar saƙo tana iya ciyar da ƙwayaye kaɗan, amma idan aka jona mata famfo ko ƙaho, ƙarfin wutarta zai faɗi, ta ɗauke na ɗan lokaci, jirgin ya daina jin umarni a tsakiyar ruwa. Maganin shi ne kayan su sha wuta daga batir kai tsaye, na'urar ta tsaya ga ba da umarni ta hanyar rile ko makunnin lantarki. Haka nan ana nisanta wayoyin inji daga eriya, a manna ƙananan kafasita a jikin injin domin rage hayaniyar tartsatsinsa, a kuma ɗaga eriyar sama da layin ruwa, domin ruwa na shanye saƙon wannan zango.

Daga baho zuwa kogi

A kan kwale-kwale babu rimot, hannun matuƙi ne ke kan makunni. Sauran tsarin bai canza ba: batir, fiyus, makunni, waya da fitila, a wannan jeri.

A ɗauki batirin babur mai bolt 12 da ƙarfin ajiya 7. Idan aka ninka biyun za a samu 84, wato yana iya ba da wat 84 na tsawon awa guda, ko wat 1 na awa 84. Batirin darma yana saurin lalacewa idan ana ƙarar da shi ƙarƙaf, don haka a lissafa da rabi, wato 42. Fitilu uku na LED masu wat 2 kowacce za su ci wat 6, su yi awa 7 suna ci. Idan aka ƙara babbar fitilar haska hanya mai wat 18, jimilla ta zama wat 24, lokacin ya ragu zuwa ƙasa da awa biyu. Wannan ya nuna cewa babbar fitila makunninta daban, ana kunna ta ne lokacin neman gaɓa ko duba kututture, a kashe.

Akwai dalili na biyu na kashe ta. Idon ɗan Adam na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, farin haske mai ƙarfi kuwa yana rushe wannan sabo cikin ƙiftawa. Fasinjan da ya haske fuskar matuƙi da tocilar wayarsa ya makantar da shi na ɗan lokaci. Saboda haka farar fitilar kan sanda ana ɗaga ta sama da kan mutane, a sa mata ɗan faifai a ƙasa domin kada haskenta ya zubo cikin jirgin.

Da a ce ƙwayayen da ne masu zare a ciki, irin masu wat 10, da wannan batir bai kai ko'ina ba. Abin da ya sauya lissafin shi ne ƙirƙiro shuɗin LED, wanda daga gare shi ake samar da fari, aikin da ya sa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, 'yan asalin Japan, suka samu kyautar Nobel a 2014. Cajin ma ba sai an jira wutar KEDCO ba. Farantin sola mai wat 20, idan ya samu rana mai ƙarfi ta awa huɗu, zai tara 80 a lissafi. Ko an cire kashi ɗaya cikin huɗu na asara, saura 60 ya isa ya mayar da abin da aka sha daren jiya. Sharaɗin shi ne a sa na'urar daidaita caji tsakanin faranti da batir.

Waya, fiyus da ruwa

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne wajen waya. A mota da babur, ƙarfen jiki shi ne hanyar komawar wuta, shi ya sa mai wayarin kan ja waya guda ya ɗaure ɗaya ƙafar a jikin ƙarfe. Katako ba ya ɗaukar wuta, don haka a kwale-kwale kowace fitila waya biyu take buƙata, ta zuwa da ta dawowa. Jirgi mai tsawon mita 10, idan batir na baya fitila na goshi, wuta za ta yi tafiyar mita 20.

Siririyar wayar tagulla mai kaurin rabin milimita murabba'i, a wannan tsawo, tana da turjiyar om 0.7. Idan amfiya 2 na bi ta cikinta, bolt 1.4 zai salwanta a hanya, wato fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙarfin batir. Idan aka sa mai kaurin 1.5, asarar ba za ta kai rabin bolt ba, kimanin kashi 4 cikin 100. Wannan lissafi na tagulla ce zalla. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka yi wa rufin tagulla, wadda ke ɗaukar wuta kimanin kashi 60 cikin 100 na abin da tagulla ke ɗauka, tana kuma saurin ruɓewa a danshi. Ana gane ta ta hanyar kankare silin da wuƙa: idan ciki ya fito fari, ba tagulla ba ce. Hana shigo da irin wannan kaya da sunan na ƙwarai aikin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ne, wato SON.

Fiyus kuwa waya yake karewa, kuma wurinsa shi ne dab da kan batir na ɓangaren tarawa. Idan wayoyi biyu suka goge suka haɗu, ko ɗan batirin babur yana iya tura amfiya gommai a lokaci guda, wayar ta yi ja, robar ta kama da wuta. A jirgin katako mai ɗauke da jarkar fetur da buhunan amfanin gona, wannan gobara ce a wurin da ba a iya gudu. Kayan da ke cin amfiya 2 fiyus mai lamba 3 ko 5 ya dace da su. Ɗabi'ar nan ta naɗa waya a gurbin fiyus da ya ƙone daidai take da cire shi gaba ɗaya. Batir kuma a sa shi cikin akwatin roba mai murfi da ƴar kafar iska, a ɗaure shi sama da inda ruwa ke taruwa, nesa da fetur.

Masu haɗa batir daga ƙwayoyin litiyam na tsofaffin kwamfutoci su yi hattara. Kowace ƙwaya bolt 3.7 take bayarwa, tana cika a 4.2, kuma idan aka wuce da ita haka, ko ta huje, ko ruwa ya haɗa kawunanta, tana iya kamawa da wutar da ke da wuyar kashewa. Ba a amfani da su sai da allon kariya da ke yanke caji.

Murɗa wayoyi biyu a naɗe da baƙin salatif yana iya yin shekara a cikin ɗaki, amma a kan ruwa makonni kaɗan zai yi kafin ya yi tsatsa mai kore. Mahaɗa ta ƙwarai ita ce wadda aka liƙe da darma, aka zura mata bututun roba mai tsukewa idan ya ji zafi, aka toshe bakinta da silikon. Wayar ta bi ta cikin bututun roba a ƙarƙashin leɓen jirgi, inda ƙafa da kaya ba sa taka ta. Wajen sayen fitila a duba alamar IP67, wadda ke nufin ƙura ba ta shiga, kuma tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita guda na minti 30.

Bayan fitila, kayan da suka fi amfani su ne ƙaho, da ƙaramin famfon kwashe ruwa mai bolt 12, da wurin cajin waya mai na'urar sauke wuta zuwa bolt 5, domin wayar matuƙi ita ce hanyar neman agaji. Kowanne da reshensa, da fiyus ɗinsa, da makunninsa.

Abin da fitila ba za ta yi ba

Jirgin da ya tarwatse a kusa da Warra ta Jihar Kebbi a watan Mayun 2021, ɗauke da fiye da mutum 150, da rana ya tarwatse. Wanda ya kife a madatsar ruwa ta Watari a Bagwai ta Jihar Kano ranar 30 ga Nuwamban 2021, ya kashe aƙalla mutum 29, galibinsu ɗaliban Islamiyya, lodi fiye da kima aka ɗora wa laifin. Fitila ba ta rage nauyi, ba ta gyara ruɓaɓɓen katako, ba ta kuma riƙe wanda bai iya iyo ba a saman ruwa. Akwai ma hatsarin da ke tattare da ita: matuƙin da ya samu haske yana iya jin ƙarfin gwiwar fita a daren da da can zai haƙura.

Amfaninta a wurare uku yake. Tana hana karo, tana taimaka wa matuƙi ya ga gaɓa da kututture, tana kuma nuna wa masu ceto inda za su dosa. Na ukun nan ya fi muhimmanci a ƙananan mashigai, inda jirage ba su da yawan da za su yi karo, amma idan jirgi ya kife mutanen gari kan ɓata lokaci mai tsada suna lalube. Saboda haka fitilar gaɓa ma tana da nata matsayi: sandar sola guda a kowane ɓangaren mashigi za ta ba matuƙi abin da zai saita a kai, ta ba wanda ya faɗa ruwa alƙiblar da zai yi iyo. Irin sandunan nan ne 'yan majalisa ke jerawa a unguwanni da sunan ayyukan mazaɓa.

Wa za a tambaya?

Tsarin da ake da shi yanzu ya bar giɓi. Ikon kafa doka na tarayya ne, amma mashigin ƙauye yana nesa da idon jami'in NIWA. Hukumar Agajin Gaggawa ta Jihar Jigawa da takwararta ta ƙasa, NEMA, galibi bayan abu ya faru ake ganinsu. Wanda ke wurin kullum shi ne Sarkin Ruwa, da mai unguwa, da dagaci, da masu fiton kansu, kuma su ne suka san ranar da ruwa ba ya shiguwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai waɗannan ba su da kasafi.

Ƙananan hukumomi suna da shi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura musu kasonsu na asusun tarayya kai tsaye. Ko ana jayayya kan yadda ake aiwatar da hukuncin, ƙidaya mashigai, da rajistar masu fito, da rubuta adadin mutanen da kowane jirgi zai ɗauka a jikinsa da fenti, ayyuka ne da ba su fi ƙarfin sakatariyar Gwaram ko ta Birnin Kudu ba. Gwaram na da ɗan Majalisar Wakilai nata, Birnin Kudu na tarayya da Buji a kan kujera guda, kuma kowannensu na da ayyukan mazaɓa a kasafin tarayya.

Masu aikin ma suna nan. Masu wayarin mota da babur, da masu gyaran waya, da masu ɗaura sola a waɗannan garuruwa sun riga sun san rabin abin da aka bayyana a sama. Ragowar rabin, wato launuka da kwanarsu da kariya daga ruwa, horon 'yan kwanaki ne. Kayan kuwa ana samunsu a kasuwar Sabon Gari da ta Farm Centre a Kano. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, wadda Aliko Ɗangote ya yi karatu a cikinta, da makarantun kimiyya na jihar, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Ɓaɓura, kowacce na iya mayar da ƙera ɗan jirgin rimot mai cikakkun fitilu aikin zango, sannan ajin ya kammala da ɗaura wa kwale-kwale guda na gaske a mashigi mafi kusa.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi. Ƙungiyar matasa a Gwaram ko Birnin Kudu na iya rubuta takarda mai shafi guda kafin damina ta kankama, ta tambayi adadin mashigan da ake fito a ƙaramar hukumar, da adadin jiragen da aka yi wa rajista, da rigunan kariya nawa aka saya da inda aka ajiye su, da kuma mashigi nawa ke da fitila a gaɓarsa. Su riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, domin shi ne hujjarsu idan kwana bakwai suka cika ba a ce komai ba.